Wanda Ya Buɗe Hanya, Shi Ya Kafa Mata Shinge

Da yawa daga cikin manyan motocin da ke ɗauko shanu da albasa da wake da tumatir daga Arewa zuwa Ikko, Badun, Anacha da Fatakwal, ta Zuba suke bi, su bar Dutsen Zuma a baya, su gangara Gwagwalada da Abaji, sa'an nan su haye Kwara su faɗa Lakwaja. Kwalta ce aka shimfiɗa a kan sawun jakunan fatake, gama tun kafin a san mota ayarin masu kanwa da gishiri da tufafi ke ratsa wannan yanki tsakanin Zariya da bakin kogi. A kan wannan hanya ce kuma Turawan Ingila suka kafa hujjarsu ta cin garin Abuja da yaƙi a cikin 1902. Abin da suka yi da hanyar bayan sun ci garin ya isa a tsaya a duba shi da kyau, don kuwa a cikinsa ne amsar tambayar nan take wadda 'yan makaranta kan yi wa malamansu, cewa in dai Nasara ya kawo jirgin ƙasa da asibiti da zaman lafiya, me ya sa talakawa suka ƙosa da shi har suka nemi ya tafi?

Da farko dai sai mai karatu ya bambance Abuja biyu. Wadda ake magana a nan ita ce tsohuwar, watau garin da yanzu ake kira Suleja. Sarakunan Zazzau na dauri ne suka kafa ta bayan jihadi ya kore su daga Zariya. Muhammadu Makau ya yi zama a Zuba, ya rasu a wajen yaƙin Lapai a 1825, ɗan'uwansa Abu Ja ya gina gari a 1828 aka sa wa garin sunansa. Garin bai taɓa shiga hannun Fulani ba. A zamanin Sarki Abu Kwaka, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1877, aka buɗe ciniki da Bida da Zariya, fatake suka riƙa yada zango a nan. Wanda ya gaje shi, Sarki Ibrahim, shi ake yi wa laƙabi da Dodon Gwari, laƙabin kuwa ya ishi mai hankali ya gane irin zaman da ƙauyukan Gwarawa suka yi da mahayan Abuja a wannan zamani. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, 'ya'yan gidan sarautar garin, sun rubuta tarihin nan duka, aka juya shi da Turanci a 1952.

Ko shakka babu akwai masu tare hanya a ƙasar Abuja a farkon ƙarni na 20, kuma fatake sun sha wuya a hannunsu. Ba a gyara tarihi don a faranta wa kowa rai. Gwamna Lugga, wanda ya kafa tutar Ingila a Lakwaja ran 1 ga Janairu, 1900, ya ce an toshe hanyar ciniki tsakanin Lakwaja da Zariya, ya aika da sojoji, aka ci Abuja a 1902, Sarki Ibrahim ya rasa ransa a rikicin, aka naɗa Muhammadu Gani. Cikin watan Oktoba na shekarar nan Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney ya tsere Kano, wannan kuma ya zama ɗaya daga cikin hujjojin cin Kano a Fabrairu 1903, Sakkwato ta biyo baya a watan Maris. Ashe ke nan daga wannan tsakiyar ƙasa, inda hedikwatar Nijeriya take a yau, guguwar ta taso.

To, an kori 'yan fashi, an buɗe hanya. Sai me? Ba a daɗe ba, wajen 1903, Gwamnan ya ɗora wa ayarin fatake kuɗin fito. Kowane lardi ayari ya ratsa sai ya biya kashi 5 cikin 100 na darajar kayansa, har zuwa lardi uku, watau kashi 15 cikin 100. Aka kafa wuraren karɓa a kan manyan hanyoyi, da malamai da 'yan sanda, ana kwance kaya ana yi musu kuɗi. Madugun da a da yake tsoron mahaya su fito masa daga ƙungurmin daji, yanzu ya san takamaimai inda za a tare shi da kuma nawa za a karɓa, sai dai a wannan karon ana ba shi takarda. Turawa sun ce ai da ma sarakuna suna karɓar irin wannan kuɗi, kuma nasu ya fi sauƙi tun da akwai tsaro. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Amma kuɗin fiton sarakunan dauri abu ne na ciniki, madugu yakan je gaban sarki da gaisuwa a daidaita, in kuma sarki ya tsananta sai ayari ya kauce wa garinsa baɗi, kasuwarsa ta mutu, shi ma ya ji a jikinsa. Fiton Gwamna kuwa ba shi da mahaɗa sai biya, kuma babu inda za a kauce, gama duk lardunan nasa ne.

Abin lura shi ne yadda aka yi aka soke wannan fito a 1907, bayan Lugga ya tafi Gwamna Girouard ya zo. Fatake sun yi shekara huɗu suna kuka. Muryar da ta isa kunnen Ofishin Mulkin Mallaka a London kuwa ta 'yan kasuwar Ingila ce, waɗanda suka ga fiton yana rage tafiyar hajarsu zuwa cikin ƙasa. A nan ne asirin tsarin ya tonu. Mai kanti a Liverpool ko Manchester yana da ɗan majalisa wanda zai tashi ya yi magana a madadinsa, amma madugun da ya fito daga Kano da jaki ɗari ba shi da kowa.

Mutanen Kudu, waɗanda masu karatu ke zaune a tsakaninsu, sun riga 'yan Arewa ɗanɗana wannan. An kama Jaja na Opobo a 1887 aka kai shi gudun hijira saboda ya tsaya tsakanin kamfanonin Turawa da kasuwannin manja. Nana na Itsekiri ya bi sawunsa a 1894. Kamfanin Neja na Goldie, wanda Sarauniya ta ba takardar izinin mulki a 1886, ya mai da mutanen Nembe baƙi a cikin kogin kakanninsu, ya ce sai sun yanki lasisi sun biya kuɗin fito kafin su yi ciniki a kasuwannin da suka gada. Da yunwa ta kai su bango, Sarki Koko ya ja su suka auka wa tashar kamfanin a Akassa a Janairu 1895. Da Gwamnatin Ingila ta karɓe mulki daga hannun kamfanin a ƙarshen 1899, sai ta biya shi diyyar fam 865,000, ta kuma yarda a riƙa ba shi rabin kuɗin da aka samu daga ma'adinai a wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Babu wanda ya tambayi masu ƙasar.

Bayan soke fito sai aka shiga aikin jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano, aka fara a 1907 aka isa Kano a 1911. Hannun talakawa ne ya yi shi, akasarinsu kuwa ba da son ransu ba. Razdan ya faɗa wa sarki adadin mutanen da yake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, dogari ya shiga ƙauye ya koro mutane ko da kuwa lokacin shuka ne. Ƙasar Nufe da ƙasar Gwari su suka fi ɗaukar wannan nauyi domin ta cikinsu layin ya ratsa. A 1909 Gwarawan Gussoro, kusa da Kuta, suka yi wa wani Baturen mulki da 'yan sandansa kwanton ɓauna suka kashe shi, aka turo sojoji aka yi musu horo mai tsanani. Irin wannan ɗiban ya sake dawowa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, sa'ad da aka kwashi dubun dubatar manoma zuwa haƙar kuza a Jos, sanyi da cuta suka kashe da dama. Tsofaffi sun daɗe suna kiran wannan lokaci ɗiban Gwamna.

Ita kuwa Abuja, wadda aka ci da yaƙi don a buɗe hanyarta, sai ga shi an ɗauke hanyar ɗungum an kai wani wuri. Layin yamma ya bi ta Minna, na gabas wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Makurɗi da Kafancan, aka bar Abuja a tsakiya kamar marainiya. Ayari ya ragu, zangon fatake ya zama kango. Abin da ya rage wa masarautar shi ne 'yar haƙar kuza da aka fara a zamanin Sarki Musa Angulu, da kuma makarantar ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta yi suna har hotonta ya hau takardar naira 20. Jirgin ƙasa bai haɗa wannan yanki da Kaduna ba sai a 2016. Dalili kuwa a fili yake. An shimfiɗa layin dogo ne daga inda amfanin gona da ma'adinai suke zuwa bakin teku, ba a yi shi don garuruwan ƙasar su yi ciniki da junansu ba.

Auduga ce Turawa suka sa rai jirgin zai kwaso. Ƙungiyar noman auduga ta Ingila, wadda masu masaƙun Lancashire suka kafa a 1902, ta so a ce audugar Zazzau da Katsina ta bar hannun masaƙan Kano ta tafi Ingila ɗanya, a saƙa a can, a dawo da ita akoko da atamfa a sayar wa waɗanda suka noma ta. Masaƙan gida suka ƙi ba da kai, don sun fi ƙungiyar sayen auduga da tsada, manoma kuma suka juya ga gyaɗa tun daga 1912. Wannan nasara ce ta talaka, amma 'yar ƙarama, gama an riga an ɗaure shi ta wani gefen. A 1904 an hana shigo da wuri, sannu a hankali kuma aka ce haraji da jangali sai da kuɗin Bature. Mai neman sule ya biya haraji dole ya noma abin da kanti ke saye, ya kuma sayar a lokacin kaka, lokacin da farashi ke ƙasa, domin a lokacin ne mai karɓar haraji ke tsaye a ƙofar gida. Kantunan kuwa ba sa takara da juna yadda ake zato. A 1929 manyan suka haɗe suka zama U.A.C., sauran irin su John Holt suka riƙa daidaita farashi da shi. Jiragen ruwa nasu ne, banki nasu ne, bankin kuwa da wuya ya ba baƙar fata rance. Ko attajiri irin Alhassan Ɗantata, duk da dukiyarsa, wakilin sayen gyaɗa ya zama ga kamfani.

Da aka kafa hukumomin sayen amfanin gona, na koko a 1947, na gyaɗa da auduga da manja a 1949, an ce don a kare manomi ne daga hawa da saukar farashi. Abin da ya faru shi ne hukuma ta saya da araha ta sayar da tsada a kasuwar duniya ta ajiye rarar, har kafin 1954 kuɗin da aka tara ya haura fam miliyan 100, an kuma ajiye babban rabo daga ciki a Ingila. Dalar gyaɗar Kano da ake ɗaukar hotonta ana alfahari, gumin mutumin da bai taɓa sanin nawa aka sayar da buhunsa a London ba ne. A nan kuwa tilas a faɗi gaskiya, gwamnatocin 'yan ƙasa da suka gaji hukumomin nan ba su rushe su ba, sun ga wurin tatsa ne suka ci gaba, sai a 1986 aka soke su.

Da ciniki ne kaɗai matsalar, watakila da an jure. Abin da ya mai da ƙorafi ya zama ƙiyayya shi ne irin mulkin da aka ɗora a kai. A jawabinsa na Sakkwato a Maris 1903, Lugga ya bayyana cewa ikon naɗa sarki da tuɓe shi, da ikon sa haraji, da ikon ƙasa, duk sun koma hannun Ingila ta hanyar cin yaƙi. Aka bar wa sarakuna rawani da algaita, aka yanka musu albashi daga baitulmali. Sarkin dauri yana tsoron masu zaɓen sarki, yana tsoron malamai, yana tsoron talakawa su watse su bar masa ƙasa. Sarkin En'e kuwa mutum ɗaya yake tsoro, watau Razdan. Muddin haraji ya cika kuma babu tarzoma, to, shi ke nan. A wurare irin su ƙasar Abuja da Keffi da Nasarawa, inda Gwari da Koro da Gade da Gwandara da Ganagana da Bassa suke da nasu shugabannin, sau da yawa an jera ƙauyukansu a ƙarƙashin hakiman da ba su zaɓa ba, don a sauƙaƙa wa Di'o ƙidaya. Bugu da ƙari, Majalisar Dokoki da ke Ikko ba ta da hurumi a kan Arewa har zuwa tsarin mulkin Richards na 1946. Kafin wannan lokaci Gwamna shi kaɗai ke yi wa miliyoyin mutane doka da alƙalaminsa.

Wannan cuta ba a Nijeriya ta fara ba. Turawan da suka zauna Amurka, jinin Ingila ne, harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, amma da aka ce kayansu sai a jiragen Ingila, aka sa musu harajin hatimi a 1765, aka ba kamfanin Gabashin Indiya gata a cinikin shayi, sai suka zubar da shayin a teku a Boston a 1773, suka yi shelar 'yanci a 1776. Kukansu shi ne ana sa musu haraji a majalisar da ba su da wakili. A Indiya kan gishiri Gandhi ya yi tattakinsa a 1930. A Gwalkwas manoman koko suka ƙi sayarwa a 1937 da kamfanoni suka haɗa baki a kan farashi. A nan gida, tawayen Egba na 1918, da boren matan Aba na 1929, da na matan Abekuta wanda ya sa Alake ya sauka a 1949, duk haraji ne da sarautar da ba ta jin kira. A Arewa ma, cikin wata guda, Agusta 1950, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisa a Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e garambawul, matasa kuma suka kafa NEPU a Kano. Mutanen nan ba su bi hanya ɗaya a siyasa ba, amma ciwo ɗaya suka nuna.

'Yan Arewa mazauna Kurmi su ne jikokin wannan tarihi kai tsaye. Da jirgi ya kashe hanyar ƙafa ta Gwanja, goro kuma ya yawaita a ƙasar Yarabawa, fatake suka sauko suka zauna a Agege da Shagamu, aka yanka musu Sabo a Badun a 1916. Suka gina tsarin mai gida da dillali da amana, shanu su gangaro, goro ya hau, ba banki ba takarda. Saboda haka babu wanda ya fi su sanin cewa shingen 1903 bai mutu ba, riga kawai ya sake. Direban da ya taso daga Arewa da shanu ya san adadin wuraren da za a tsayar da shi kafin ya isa kara: na ƙaramar hukuma, na jiha, na masu cewa duba lafiyar dabbobi, na ƙungiya, na masu kaki, da na samarin da suka gicciya katako mai ƙusa ba wanda ya san wa ya aiko su. Fiton Lugga ko ba komai yana da iyaka, lardi uku ne a tsaya. Na yanzu ba shi da iyaka, shanu na galabaita a cikin mota, tumatir na ruɓewa, kuɗin kuma a ƙarshe kan mai saye a Ikko da manomi a Kadawa yake faɗawa.

Abin takaici shi ne akwai doka. Dokar haraji mai lamba 21 ta 1998 ta hana kowa, har da hukumar haraji, kafa shinge a kan hanya don karɓar kuɗi a ko'ina cikin Tarayya. An kuma sa hannu a kan sababbin dokokin haraji a Yuni 2025 da alkawarin rage yawan kuɗaɗen da ake karɓa barkatai. Da aka yi rikicin kasuwar Shasha a Badun a Fabrairu 2021, ƙungiyar masu safarar abinci da shanu ta tsayar da kai kaya Kudu na kimanin mako guda, kuma cikin bukatunta har da kawar da waɗannan shingaye. Abinci ya yi tsada a Kudu, kaya suka lalace a Arewa, mazauna Sabo da Mile 12 su suka kwana cikin fargaba. Toshe hanya ba dabarar da ta dace da mutanen da hanya ce abincinsu ba ce. Abin da ya kamaci sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu da shugabannin kasuwanni shi ne su tattara rasit, su rubuta wuri da rana da adadin abin da aka karɓa a kowane shinge, su haɗa kai da 'yan kasuwar Yarabawa da Ibo waɗanda su ma abin ke ci musu tuwo a ƙwarya, su kai wa 'yan majalisarsu a Abuja a rubuce. Madugun 1903 ba shi da wakili. Jikansa yana da sanata da ɗan majalisar wakilai, kuma da ƙuri'arsa suka hau.

Akwai kuma bashin da sabuwar Abuja ke ɗauke da shi na masu ƙasar da aka gina ta a kai. Da Janar Murtala Muhammed ya kafa Yankin Birnin Tarayya da doka mai lamba 6 a Fabrairu 1976, an yanko murabba'in kilomita kimanin 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara, aka mallaka wa Gwamnatin Tarayya ƙasar baki ɗaya, tsohon gari ya ba da sunansa ya koma Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. An yi alkawarin kwashe mazauna a sake musu matsuguni a biya su diyya, da aka ga yawan kuɗin sai aka bar akasarinsu inda suke, gwamnati ta tare a Disamba 1991, birni ya yi ta cin gonakinsu. Jikokin waɗanda suka ɗauki ƙasa a ka suka yi layin Baro ba su da gwamna, ba su da majalisar jiha, ministan da ke raba filayensu Shugaban Ƙasa ne ke naɗa shi, sai a 2023 ma aka fara ba ɗan asalin yankin kujerar minista. Lalle ne Majalisar Tarayya, wadda ita ce ke yi wa yankin doka, ta sa a ƙidaya ƙauyukan da har yanzu ba a biya diyyarsu ba, a buga sunayensu kowa ya gani, a kuma sa kuɗin a cikin kasafin shekara kafin a sake yanka wani fili a ƙasar Gwari.